Rariyar Imel Mai Yi Wa Wasiƙu Kuɗin Goro

Assalamu alaikum, masu karatu. A watan nan wasiƙu huɗu suka iso mini a kan ciwo ɗaya, wato ƙa'idojin da muke kafa wa akwatin imel domin ya riƙa rarraba mana saƙonni da kansa. Ni rariya nake ce musu, domin aikinsu ke nan, wani ya wuce, wani ya tsaya. Na taƙaita tambayoyin, kuma duk inda ake buƙatar adireshin misali zan yi amfani da example.com, wanda tun 1999 aka keɓe shi don misali kawai, ba mallakar kowa ba ne.

Tambaya ta farko daga wata sakatariya ce a wata makarantar kuɗi a Zariya. Ta ce: "Malam, akwai mai kawo mana littattafai da alli, sunansa Ali, kusan kullum sai ya aiko da jerin farashi. Sai na kafa ƙa'ida a manhajar imel ta Outlook cewa duk saƙon da adireshinsa ke ɗauke da ali ya tafi wata folda daban. Yanzu iyaye uku sun kai ƙorafi gaban shugabar makaranta cewa ba ma amsa musu saƙo. Da na buɗe foldar sai ga wasiƙunsu a ciki, kuma babu mai suna Ali a cikinsu. Kwamfutar ce ta lalace?"

Malama, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, abin da kika ce ta yi shi ta yi. Ke kin san Ali mutum ne mai kawo alli. Ita kuwa haruffa uku kawai ta sani, a da l da i a jere, kuma duk inda ta gan su a cikin adireshi sai ta kama. Ki ɗauki biro ki rubuta Salisu, ki ja layi ƙarƙashin harafi na biyu da na uku da na huɗu. Ki rubuta Halima ki yi haka. Ki ƙara da Salihu, da Khalid, da Khalifa, da Ghali, da Malik. Ko kalmar dalibai da makarantu ke yawan sa wa a adireshi tana ɗauke da su, haka ma quality ta Turanci da kamfanoni ke amfani da ita. Ina da yaƙinin idan kika duba adireshin iyayen nan uku za ki ga haruffan a kwance a tsakiya.

A Outlook na kwamfuta akwai sharuɗɗa biyu da suke kama da juna amma aikinsu ya bambanta. Ɗaya an rubuta shi "from people or public group", shi wannan mutum guda yake nufi, wanda kika zaɓo daga littafin adireshi ko kika rubuta cikakken adireshinsa. Ɗayan kuma "with specific words in the sender's address", kuma duk da an ce kalmomi, guntun haruffa yake nema ko a ina suke cikin adireshin. Na biyun kika zaɓa. Gyaran shi ne ki buɗe ƙa'idar, ki goge ali, ki rubuta adireshin mutumin gaba ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kamar ali@example.com. Amma ki lura, ko wannan ɗin ma yana kwance a cikin ghali@example.com, saboda haka idan kina son ki yi wa tufkar hanci, ki koma sharaɗi na farko ki zaɓi mutumin da kansa.

Wannan ciwo tsoho ne. A 1996 kamfanin AOL ya kafa rariyar hana kalmomin batsa, sai mutanen wani gari a Ingila mai suna Scunthorpe suka kasa buɗe asusu, saboda akwai wata kalmar batsa ta Turanci a tsakiyar sunan garinsu. Har yau da sunan garin ake kiran irin wannan matsala.

Ni ma na taɓa ganin ta ido da ido, kuma abin bai bar raina ba. Wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Kano ya kira ni ana gab da Umrar azumi, wai saƙonnin biza sun daina shigowa kwana tara. Na tarar da mai ofishin a tsaye, fasfo na mutane jibge a kan tebur an ɗaure su da roba, wayarsa kuma ba ta daina ƙara ba. Mun duba intanet, mun duba sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonni, komai daidai. Sai da na buɗe jerin ƙa'idoji na ga wata guda ɗaya da wani ma'aikaci ya kafa domin ya rabu da wani mai damunsa da tallace-tallace, mai suna Isa. Ya rubuta isa, ya ce a goge. Adireshin da ke aiko musu da sanarwar biza kuwa da visa ya fara. Allah Ya taimaka wasiƙun suna nan cikin kwandon shara ba a kwashe ba, muka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, amma akwai dattijuwar da jirginta ya riga ya tashi. Tun daga ranar ba na yarda a kafa ƙa'idar gogewa a gabana sai ta yi aƙalla mako biyu tana tura saƙonnin wata folda, an ga abin da take kamawa.

Ke naki da sauƙi, Malama, tunda folda kika tura su. Ki dawo da wasiƙun, ki duba foldar tun daga ranar da kika kafa ƙa'idar, domin iyaye uku ne suka yi magana, ba lallai su kaɗai abin ya shafa ba. Sannan ki nuna wa shugabar makaranta abin da ya faru a kan allo, ta gani da idonta cewa ba sakaci kika yi ba.

Masu Gmail kada su ɗauka sun tsira. Shi Gmail kalma sukutum yake nema, don haka from:ali ba zai kama Salisu ba. Amma yana duba sunan da mai aikowa ya sa wa kansa tare da adireshin, kuma ɗigo a wurinsa mai raba kalmomi ne. Saboda haka zai kama ali.musa@example.com, ya kama duk wanda Ali sunan mahaifinsa ne.

Tambaya ta biyu daga wani malamin kwaleji ce a Katsina: "Ina da adireshin wurin aiki da nake turo wasiƙunsa zuwa Gmail ɗina. Na kafa rariya da to: da adireshin aikin, domin duk su sami lakabi ɗaya. Wasu suna samu, amma sanarwar ofishin rajistara da ta ƙungiyar malamai ba sa samu, sai su ɓace cikin sauran saƙonni. Ina kuskuren yake?"

Malam, ka tuna wasiƙar gidan waya. Akwai ambulan, akwai takardar da ke ciki. Ma'aikacin gidan waya abin da ke bayan ambulan yake karantawa, ba ruwansa da wanda aka gaisar a saman takardar. Imel ma haka aka gina shi. Lokacin da sabar take miƙa wa 'yar'uwarta saƙo, takan faɗa mata daga wa, zuwa ga wa, wannan shi ne ambulan. Layukan From da To da kake gani a kan allo kuwa rubutu ne a saman takardar, kuma babu dokar da ta tilasta su yi daidai da na ambulan.

Ofishin da zai aika wa malamai ɗari biyu sanarwa ba ya jera sunayensu a To. Ko dai ya zuba su a Bcc, wanda ake cirewa daga takardar kafin ta iso gare ka, ko ya aika zuwa adireshin taro guda ɗaya, irin staff@example.com, sabar ta rarraba wa kowa. Ta kowace hanya, adireshinka yana kan ambulan ne kawai. Rariyarka kuwa takardar take dubawa, ta nemi sunanka ta rasa, ta bar saƙon ya wuce.

Kada ka yi ta canza ƙa'idar da ka, ka fara duba wasiƙar da ta kuɓuce. A kan kwamfuta, buɗe ta, danna ɗigo ukun da ke gefen dama, ka zaɓi "Show original". Rubutu zai fito mai yawa, kada ya tsorata ka, layuka huɗu kawai kake nema: From, To, Delivered-To da List-Id. Delivered-To shi ne tambarin da sabar ke bugawa na wanda aka miƙa wa saƙon a zahiri. Idan ka ga adireshin aikinka a ɗaya daga cikin layukan nan, to ka gwada deliveredto: da adireshin a akwatin bincike, ka ga ko ya fito da wasiƙun da suka ɓace. Ba kowace sabar wurin aiki ke barin wannan tambari ba, saboda haka akwai hanyar da na fi so. Gmail yana yarda ka ƙara alamar tarawa da kowace kalma bayan sunanka, saƙon kuma ya iso akwatinka. Idan adireshinka suna@gmail.com ne, ka sa wurin aiki ya riƙa turowa zuwa suna+aiki@gmail.com, sannan ka kafa rariyar a kan deliveredto:suna+aiki@gmail.com. Duk abin da ya biyo ta wannan ƙofa, ko an sa sunanka a To ko ba a sa ba, ta nan ya shigo.

Saƙonnin ƙungiyar malamai kuma, idan ta Google Groups ko makamancinsa suke zuwa, kada ka dogara da From. Tun Afrilun 2014, lokacin da Yahoo ya tsaurara dokar da ake kira DMARC, ya ce a ƙi karɓar duk saƙon da ke ɗauke da adireshinsa alhali ba daga sabarsa ya fito ba, zaurukan imel da yawa suka koma sauya layin From suna sa adireshin zauren a madadin na mai rubutu. Shi ya sa kake ganin sunan abokin aikinka da kalmar via a bayansa. Abin da ba ya canzawa shi ne List-Id, wato layin da ke nuna zauren da saƙon ya fito, kuma Gmail yana da list: domin shi.

Abu biyu na ƙarshe gare ka. Manhajar Gmail ta waya ba ta da wurin kafa rariya ko gyara ta, sai ka hau kwamfuta. Kuma sabuwar rariya wasiƙun da za su zo nan gaba take yi wa aiki, sai fa idan ka danna ɗan akwatin da ke ƙasa mai cewa a haɗa da waɗanda suka riga suka shigo.

Tambaya ta uku ita ta fi tayar mini da hankali. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta ce ɗanta ya kafa mata rariya da sunan bankinta, duk saƙon da ya zo da sunan a sa masa tauraro, kuma kada a taɓa kai shi wurin saƙonnin banza. "Shekaranjiya sai ga saƙo da tauraro, wai za a rufe asusuna idan ban danna wani wuri na sa BVN da lambar katina ba. Ban danna ba, na je banki suka ce ba daga gare su ba ne. To yaya aka yi ya sami tauraron banki?"

Hajiya, Allah Ya ƙara tsarewa, kuma kin yi daidai da kika taka da ƙafarki zuwa banki. Layin From kashi biyu ne. Akwai sunan da ke bayyana, akwai ainihin adireshi a cikin alamomin < da >. Sunan da ke bayyana kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan wani kamfani a jikin dilar atamfa. A waya kuma galibi sunan kawai ake nuna miki, adireshin yana ɓoye sai kin taɓa shi. Ɗanki ya rubuta sunan bankin zalla, rariyar ta ga sunan, ta buga tauraro. Abin da ya fi muni, umarnin nan na kada a kai shi wurin saƙonnin banza ya ɗaure wa mai gadin Gmail hannu. Wataƙila da ya kama ɓarawon, amma an ce masa duk mai wannan suna a buɗe masa ƙofa.

Ki ce wa yaron ya goge wannan rariya yau. Idan zai sake kafawa, ya nemo saƙon banki na gaskiya, irin na shigar kuɗi da kika tabbatar, ya kwafi cikakken adireshin, kada ya rubuta da ka. Ya kuma cire umarnin hana kaiwa wurin saƙonnin banza, tauraro kaɗai ya isa. Ina so ya kula da wutsiyar adireshin sosai. Example.com daban, example.com.ng daban, mutum biyu da ba su san juna ba suna iya mallakarsu, amma ƙa'idar da aka ce ta nemi abin da ya ƙunshi na farko za ta kama na biyu. Haka za ta kama example.com.wani-abu.net, wanda shi ne salon da 'yan damfara suka fi so, domin ido yana karanta farkon ya tsaya, alhali mai gidan na gaskiya a ƙarshe yake. Akwai kuma masu haɗa r da n su yi kama da m, a ƙaramin allon waya ba kowa zai gane ba.

Masu kula da imel na kamfani su saurara a nan. Akwai harshen rubuta ƙa'idoji a kan sabar mai suna Sieve, ma'anar sunan ma rariya ce, kuma an daidaita shi a takardar RFC 5228 ta 2008. Ya raba gwaji biyu: header yana duba layin gaba ɗaya har da sunan da ke bayyana, address kuwa yana zare adireshin shi kaɗai, har ka iya cewa address :domain :is "from" "example.com", wato abin da ke bayan alamar @ ya zama wannan daidai, ba ƙari ba ragi. Wanda ke da wannan a hannu ba shi da dalilin amfani da :contains a kan adireshi. Masu cPanel kuma, wato shafin sarrafa sabar, rariyarsa layin From gaba ɗaya take dubawa, shi ya sa "equals" da adireshi zalla yakan ƙi kamawa idan akwai suna a gaba, "ends with" ma yakan ƙi saboda layin da alamar > yake ƙarewa. A ƙasan shafin akwai akwatin gwaji, a liƙa kan wasiƙar gaske a ciki a ga hukuncin da za ta yanke kafin a sake ta a kan jama'a.

Amma Hajiya, ko an gyara komai, tauraro ba shaida ba ce. Shi kansa adireshin ana iya yin jabunsa idan mai gidan bai tsare shi da kyau ba. Duk saƙon da ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar nan da ake turowa ta waya, ko taurari nawa ya ɗauko, ba na banki ba ne.

Ta huɗu gajeriya ce, daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi mai amfani da manhajar imel ta Thunderbird: "Na ce duk saƙon da ba daga abokan cinikina biyu ba ya tafi foldar Sauran. Yanzu komai yana tafiya can, har nasu."

Alhaji, ka ɗauka ka ce wa mai gadi: wanda ba Musa ba, ko kuma wanda ba Isa ba, kada ya shiga. Musa ya zo, mai gadi ya duba, ai wannan ba Isa ba ne, ya hana shi. Isa ya zo, ai ba Musa ba ne, shi ma ya hana shi. A cikin zaɓuɓɓukan da ke saman sharuɗɗan, biyu ne suka shafe ka, "Match all of the following" da "Match any of the following". Na biyun ne ka zaɓa a baya, wato ko ɗaya ya cika ya wadatar. Idan sharuɗɗan na korewa ne irin naka, na farko ake zaɓa, wanda ba Musa ba kuma ba Isa ba. Idan kuwa tara wasiƙun mutum biyu kake son yi a folda ɗaya, to nan ne wurin na biyu, domin babu wasiƙar da za ta fito daga Musa kuma daga Isa a lokaci guda. A Gmail ma haka ne, adireshi biyu da aka raba da fili kawai ana ɗaukarsu dole duka su cika, sai an sa OR da manyan baƙaƙe a tsakaninsu.

Idan ka gyara wannan abin bai daidaita ba, duba jerin ƙa'idojinka, domin Thunderbird daga sama zuwa ƙasa yake bin su, kuma wata ta sama mai faɗi tana iya ɗauke wasiƙar kafin a iso ga wadda kake zargi. Ka ɗaga masu takamaiman adireshi sama, ka bar mai kwashe saura a can ƙasa. A tagar ƙa'idojin akwai maɓallin "Filter Log". Kunna shi, ka bar shi kwana ɗaya, zai rubuta maka kowace wasiƙa da sunan ƙa'idar da ta taɓa ta da inda ta kai ta. Idan ka karanta ba ka gane ba, ka rufe adiresoshin mutane ka aiko mini da layuka biyar daga ciki, mu duba tare a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.